Giram Talatin a Tafin Hannun Inna

SHAFI NA 17

Assalamu alaikum mutanen arziki. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in na sake barin Baba Gwadabe ya wuni da yunwa za ta biyo ni Haɗeja da muciya. Ki taho 'yar uwa, dama muna neman mai tuƙa mana tuwo. Wannan shafin naki ne.

*

Kwana tara ke nan Baba Gwadabe bai ci abin kirki ba.

Tun da likita ya raba shi da suga da burodi, ya kuma rage masa tuwon shinkafa zuwa ɗan dunƙule, tsohon ya ɗauki fushi da abinci gaba ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noman shinkafa a fadamar Auyo, yau a ce masa shinkafa sai da awo. Likita kuwa bai ɓoye wa ɗansa Musaddiq ba: in Alhamis ta zo bai fara ci ba, gadon asibiti za a mayar da shi. Yau Talata.

Shi ya sa Zulfa, matar Musaddiq, ta tsaya a kicin da hantsi tana kallon ledar garin almon, wata irin gyaɗar ƙasashen waje, kamar ta yi kuka. Daga Kano ƙanwar mijinta ta aiko da shi, don likita ya ce Baba zai iya cin burodin da aka yi da irinsa. Leda uku aka aiko. Biyu sun tafi a burodin da ko kajin gidan sai da suka yi shawara kafin su kai masa baki. Wannan ce ta ƙarshe.

Sallamar Maman Patience ta ji, maƙwabciyarta 'yar Filato mai koyar da girki a makarantar 'yan mata. Ta shigo da ɗan ƙaramin sikeli mai batir a hammata.

"Ina kofin da kike awo da shi?" ta tambaya tun kafin ta zauna.

Zulfa ta miƙo.

"Cika min yadda kike cikawa."

Zulfa ta dumbuza kofin cikin leda, ta danna garin da bayan cokali, ta ƙara, ta sake dannawa. Maman Patience ta ɗora kwano a sikeli, ta mayar da shi sifili, ta juye.

"Nawa kika gani?"

"Ɗari da ashirin."

"To bari ki ga nawa."

Da cokali ta riƙa zubawa a hankali, ba danna ba girgiza, har ya cika. Ta ɗauki wuƙa ta shafe bakin kofin, ta juye a kwanon da ta kwashe.

"Casa'in da shida," Zulfa ta karanta, ta sake leƙawa. "Maman Patience, kofin nan ɗaya ne fa."

"Kofi ɗaya, hannu biyu. Garin nan ba fulawa ba ne, Zulfa. Mai ne a jikinsa kamar tunkuza, kina danna shi yana shigewa. Takardar da ta nuna yadda ake haɗawa ta ce kofi biyu da rabi, ko? Kofi ɗaya casa'in da shida ne. Biyu da rabi ya zama ɗari biyu da arba'in. Ke kuma da dannen nan naki kina zuba kusan ɗari uku, ƙwai ba ya isarsa. Yaya ba zai fito kamar tubali ba?"

Zulfa ta dafe kai.

"Ashe ni na riƙa kashe kaina."

"Daga yau ki manta da kofi. Ki rubuta ɗari biyu da arba'in a bangon kicin in ya kama."

Suka auna cif, ba ƙari ba ragi. Sai a sannan Zulfa ta ga ƙwai uku suka rage mata, biyar ake so.

"Mu je gidana, kajina sun yi da safe," in ji Maman Patience. "Mu ɗauko gwangwanin gashi ma, naki ya yi faɗi."

Minti goma ba su yi ba suka dawo. Zulfa ta ɗaga ƙwai za ta fasa, Maman Patience ta riƙe mata hannu.

"Dakata. Ni ko a aji ba na fasa ƙwai sai na sake duba awo."

Ta ɗora wani kwano, ta mayar da sikelin sifili, ta juye garin. Ta dubi lambar. Ta sauke, ta sake.

"Zulfa, ɗari uku."

"Ba zai yiwu ba, a gabanki muka auna."

"To garin ya haihu kafin mu dawo."

Zulfa ta juya ta kalli ledar. Ita ta san ta naɗe bakinta, ga shi yanzu a buɗe, ga sawun yatsu huɗu a cikin garin. Musaddiq yana wurin aiki. Baba ko ƙofar ɗaki ba ya leƙowa. Mutum ɗaya ce ta rage a gidan.

Ta leƙa ta taga. Surukarta, Inna 'Yar'azumi, tana zaune kan tabarma a inuwar darbejiya tana jan carbi, fuskar nan a natse kamar ba ta taɓa sanin hanyar kicin ba. A gefen baƙin zaninta kuwa, daidai cinya, ga farin gari shafe, shatin hannu guda.

Maman Patience ma ta gani. Mace mai hankali, nan take ta tuna ta bar wake a wuta.

"Ki riƙe sikelin har ki gama," ta ce, ta fice.

Zulfa ta daɗe a tsaye. Ba fushi take ji ba, tsoro ne, don ba ta san ta inda ake tambayar uwar miji irin wannan magana ba. Ta dai gyara ɗankwali, ta fita, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Sannu da hutawa, Inna."

"Yauwa 'yar nan. An ɗora?"

"Ba a ɗora ba tukuna. Inna... wani ya shiga kicin bayan fitarmu?"

Carbin ya tsaya.

"Wani kamar wa?"

"Garin ne ya ƙaru."

"Ya ƙaru? To ai albarka ce."

Zulfa ta sunkuyar da kai, dariya na neman ƙwace mata duk da halin da take ciki. Inna ta ja tsaki a hankali, ta ajiye carbin.

"Kar ki wahalar da kanki. Ni ce. Jiya ma ni ce, shekaranjiya ma ni ce. Hannu bibbiyu nake ƙarawa."

"Amma Inna, me ya sa?"

"Yau ma ina jin malamar nan tana ce miki ki shafe bakin kofi da wuƙa. Da wuƙa, Zulfa. A garinmu shafaffen awo na baƙon kasuwa ne, wanda ba ka sani ba bai san ka ba. Miji tozo ake yi masa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa auna wa Malam abinci na shafe ba, sai yanzu da yake kwance za a soma?"

"Inna, wannan garin ba ya son tozo. In ya yi yawa burodin ƙin tashi yake."

"Gyaɗar Larabawa ce za ta koya min girki?"

"A'a Inna."

"To."

Ta ɗauki carbinta kamar magana ta ƙare. Zulfa kuwa ba ta tashi ba. Ta matso kusa, ta rage murya.

"Inna, in faɗi wata magana, ki yafe min in na yi rashin kunya."

"Ina ji."

"Baba ba abinci yake ƙi ba. Duk ranar da na kai masa, kafin ya buɗe kwano sai ya ce, ita ta dafa? In na ce ni ce, sai ya sa min albarka ya ture. Hannunki yake nema. Don Allah ki shigo ki yi masa da kanki."

"Na gaya muku bayana ne ke ciwo."

"Shekaranjiya na gan ki kin sauke buhun gawayi ke kaɗai."

Inna ta kau da kai. Zulfa ta ji kunya ta kama ta, ta nemi abin da za ta sauya maganar da shi.

"Ga gari a zaninki, Inna."

"Ina?"

"Ga shi nan."

Inna ta sunkuya ta duba. Ta duba sosai. Sannan ta sa hannu ta karkaɗe ɗaya gefen, inda babu komai, ta ce, "Ya fita ko?"

Farin shatin yana nan yadda yake, ɓaro-ɓaro a kan baƙin zane, da rana tsaka.

Sai yanzu abubuwa suka riƙa dawo wa Zulfa: yadda Inna ta daina tsintar shinkafa, yadda take bin bango in za ta banɗaki, yadda ba ta gaida mai shigowa sai ya fara magana.

"Inna," ta ce, "tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idonki."

Tsohuwar ta waiga wajen ɗakin Baba. Can ta ce, "Rufa min asiri, ki yi magana a hankali. Tagarsa a buɗe take."

"Na yi shiru."

"Tun damina waccan ya fara. Kamar ana kallo ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Yanzu in kin tsaya a gabana inuwarki nake gani, fuskar sai dai in tuna ta." Ta ƙara rage murya. "Kwana biyu kafin a ɗauko shi daga Auyo a kwalekwale, na yi masa miyar kuka. Na ɗebo suga na zuba, ina cewa gishiri ne. Ya ci rabin kwano bai ce min komai ba. Sai da na zo cin nawa na ji. Jibin ranar ya faɗi a gona."

"Haba Inna."

"Ni na kwantar da shi, Zulfa. Hannun nan. Shi ya sa na rantse ba zan ƙara ɗora masa tukunya ba. To amma zuciya ta ƙi. In na ji kina haɗa masa abinci sai in ji kamar an kore ni daga gidana. Na ce ko garin ne in taɓa, ya zama dai da hannuna a ciki."

Hawaye suka zubo wa Zulfa. Ta kama hannun tsohuwar ta riƙe da nata biyun, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Inna, a gabana likita ya ce ciwon ya shekara da shekaru a jikin Baba ba a sani ba. Ba miyarki ba ce. Wallahi ba ita ba ce."

"Kina faɗa ne don ki sanyaya min rai."

"In Musaddiq ya dawo ki tambaye shi. Idon kuma a kai ki a duba, in yanar ido ce ana cirewa. Kakata an cire mata, har allura take sa wa zare."

"Ba yanzu ba. Mutum na fama da nasa za a ɗora masa nawa? In ya ji, ɗan ruwan da yake sha ma dainawa zai yi. Ki yi min alkawari."

Zulfa ta share hawayenta.

"Ni ba zan faɗa ba. Amma in Alhamis ta wuce lafiya, ke za ki faɗa da bakinki."

"Ke dai akwai wayo kamar uwarki."

"Sai abu na biyu. Ki tashi mu je kicin."

"Na ce miki na rantse."

"Tukunya kika rantse ba za ki ɗora ba. Wannan gashi ne, kuma ni zan kunna wuta."

Ni kaina mai ba ku labari ban san Zulfa ta iya fatawa haka ba. Inna dai ta yi ƙunƙuni, ta miƙe, ta dafa kafaɗarta suka shiga.

Zulfa ta mayar da garin duka cikin leda. Ta ɗora kwano a sikeli, ta mayar sifili, ta kamo hannun Inna ta kai shi bakin ledar.

"Ɗebo min hannu ɗaya, yadda kika saba."

"Da tozo?"

"Yadda kika saba, Inna."

Ta ɗebo, ta zuba.

"Talatin," Zulfa ta karanta. Ta kwashe. "Sake."

"Wasa kika mayar da ni?"

"Don Allah."

Ta sake.

"Talatin da ɗaya. Ƙaro na uku."

Na ukun ya ba da talatin cif. Zulfa ta zauna a kan turmi tana kallon tsohuwar da mamaki.

"Inna, kin san ni da kofi na yi kuskuren giram ashirin da huɗu? Ke da hannu, ɗaya tak."

"Mene ne giram kuma?"

"Awon nauyi ne. Hannunki ɗaya talatin ne. Ɗari biyu da arba'in muke so, hannu takwas ke nan. Ba kofi, ba wuƙa, ba mai shafe wa Baba komai. Kowane hannu ki yi masa tozonki, amma takwas, kar ya kai tara."

Inna ta ɗaga tafin hannunta kusa da fuska, ta juya shi, kamar yau ta fara saninsa.

"Takwas," ta ce a hankali.

"Takwas."

Ta yi bismilla ta fara. Tana zubawa tana ƙirgawa a fili, Zulfa na bin lambar da ido. A na takwas sikeli ya tsaya a ɗari biyu da arba'in da biyu.

"Ya yi?"

"Ya yi, Inna. Biyun nan gyara ce."

Tsohuwar ta yi dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Daga nan kuma ba mai tsayar da ita. Ta fasa ƙwai biyar tana shinshina kowanne. Zulfa ta auna hodar da ke sa burodi tashi da man shanu ta miƙa mata. Da aka zo gishiri, hannun Inna ya tsaya a sama.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Kin tabbata?"

"Ɗanɗana, Inna. Suga ma babu shi a kicin ɗin nan, Musaddiq ya kwashe."

Ta lasa, ta gyaɗa kai, ta ɗiba da yatsu uku. Sai ta ce a miƙo mata citta da kanumfari.

"Babu su a takarda fa."

"Takardar ta san Malam? Ko kunu bai sha sai da su."

Zulfa ba ta yi musu ba, ta daka ta ba ta.

Ana kiran azahar burodin ya fito. Ya tashi, samansa ya yi ja, da Zulfa ta danna da yatsa ya dawo. Ƙamshin ya cika gidan har Maman Patience ta leƙo ta katanga ta ɗaga mata babban yatsa.

Zulfa ta yanka uku ta jera a faranti, ta haɗa shayi ba suga. Inna ta biyo ta har ƙofar ɗakin ta tsaya daga waje, jikin bango.

Baba Gwadabe yana zaune kan darduma, ya idar da salla. Rigar da a da take cika da shi yanzu rataye take a kafaɗunsa.

"Sannu Baba. Ga ɗan abin taɓawa."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ajiye can."

Ta ajiye, amma kusa da gwiwarsa. Bai tambayi wa ya yi ba yau, ya gaji da tambayar. Ya kau da kai. Can sai hancinsa ya motsa. Ya juyo, ya ɗauki yanki ɗaya ya shinshina, ya gutsura kaɗan.

Zulfa ta zuba masa ido.

Ya tauna a hankali. Ya ƙara gutsura, babba. Ya tsoma sauran a shayi ya cinye, ya kai hannu ga na biyu.

"Kanumfari ya ɗara citta," ya ce, bai ɗago ba. "Mutum ɗaya ce take min haka a duniya. Tana ina?"

"Tana ƙofa, Baba."

"Azumi. Shigo mana, ko sai na aiko da goron gayyata?"

Inna ta shigo tana gyara mayafi, ta zauna nesa kaɗan, inda ta saba.

"Ashe kin huce," ya ce.

"Da fushi na ce maka ina yi?"

"Wata guda ba ki ɗora min ko ruwan zafi ba. Na ce ko kin gaji da jinya ne, in sauƙaƙa miki."

"Malam, kar ka ƙara faɗin haka."

"To na bari." Yana murmushi, yana cin na biyun. Zulfa ta juya fuska tana share ido da gefen ɗankwali, a ranta tana ta hamdala.

Baba ya ɗauki yanki na uku ya raba biyu. Ya miƙa rabin wajen matarsa, kamar yadda ya saba yi mata da kan kifi a Auyo.

"Karɓi, ki ji abin da kika yi."

Inna ta yi murmushi ta miƙo hannu.

Hannun ya wuce ta gefen nasa, ya damƙi iska. Ta dawo da shi da sauri, ta sake miƙawa, ya sake wucewa ta ɗaya gefen.

Murmushin Baba ya ɗauke. Ya dubi hannunta, ya dubi idonta, ya juyo ya dubi Zulfa. Zulfa ta sunkuyar da kai ƙasa.

A hankali ya ajiye burodin a faranti. Ya ɗaga hannunsa na dama daidai fuskarta.

"Azumi," ya ce, muryarsa ta sauya. "Yatsu nawa na ɗaga?"